Tasirin Nau'in Mai a Abincin Shanu kan Kafuwar Ciki a Makonnin Farko: Nazari daga Yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Mafi yawan cikin da saniya ke asara yana lalacewa ne tun mai ita bai san an samu ba, wato a mako uku na farko bayan barbara. Wannan takarda ta duba yadda nau'in man da ke cikin abincin saniya ke shafar kafuwar ciki a wannan ɗan tsakani, sannan ta auna abin da masana suka gano da abincin da ake samu a ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun ta Jihar Zamfara. Matsayar takardar ita ce mai yana da tasiri na gaske, amma sai an dace da lokacinsa da ma'auninsa, kuma ba ya maye gurbin ƙoshi. Ta kuma nuna cewa ra'ayin nan na fifita omega-3 a kan omega-6 bai isa a gina shawara a kansa ga shanun wannan yanki ba.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin nan uku suna kewaye da aikin noman rani na Bakolori, wanda ke shan ruwa daga madatsar da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma tsara shi domin shayar da kimanin hekta 23,000. Shanun yankin, Bokoloji da Bunaji da Rahaji, duk jinsin masu tozo ne. Ruwan sama yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuma dabba na rayuwa ne a kan kara da harawa da tattakar shinkafa da abin da mai ita ya iya saya. Satar shanu da rashin tsaro da suka addabi Zamfara fiye da shekara goma sun rage zuwa kiwo mai nisa, suka tilasta wa mutane da dama tsare dabbobi kusa da gari ko a turke. Saniyar da ke turke kuwa ba ta da zaɓi, abin da aka zuba mata shi ne abincinta. Wannan ya sa tambayar me za a ba ta, kuma yaushe, ta ƙara nauyi.

Makiyayi yakan ce saniya "ba ta riƙe ba" idan bijimi ya hau ta, bayan mako uku kuma ta sake nemansa. Sau da yawa ana ɗauka cikin ne bai shiga ba. Binciken kimiyya ya nuna akasin haka: galibi ya shiga, zama ne bai yi ba. Manufar wannan takarda ita ce bayyana rawar da asidin mai ke takawa wajen wannan zama, da tantance wane ɓangare na ilimin ne zai yi aiki a hannun mai shanu a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Short (1969) ne ya raɗa wa lamarin suna, cewa akwai lokacin da jikin uwa ke "gane" tana da ciki. McCracken da abokansa (1972) suka tabbatar a jikin tumaki cewa sinadarin furostagilandin, nau'in PGF2α, da mahaifa ke fitarwa shi ke rushe ƙullutun rawaya, wato ɗan ƙullutun da ke fitowa a gidan ƙwai bayan sakin ƙwai, mai samar da homon ɗin furojestaron da ke riƙe ciki. Northey da French (1980) suka nuna cewa a shanu, saƙon da ke hana wannan rushewa yana fitowa daga ɗan tayi wajen kwana na 16. Imakawa da abokansa (1987) suka gano cewa saƙon wani nau'in intaferon ne, wanda yanzu ake kira intaferon-tawu.

A kan mai kuwa, ra'ayoyi uku ne suka biyo juna. Na farko ya ɗauki mai a matsayin makamashi kawai, tunda yana ɗauke da kuzari ninki biyu da kwata na sitaci. Staples, Burke da Thatcher (1998) na Jami'ar Fulorida suka nuna cewa wannan bayani bai wadatar ba, domin an ga haihuwa ta gyaru a wasu gwaje-gwaje ba tare da ma'aunin kuzarin saniya ya canza ba. Daga nan ra'ayi na biyu ya taso, wanda Mattos, Staples da Thatcher (2000) suka tsara: omega-3 na rage PGF2α, saboda haka yana ba ɗan tayi sarari. Gwaje-gwajen Kanada sun ƙarfafa shi. Ambrose da abokansa (2006) sun samu asarar ciki kashi 9.8 cikin 100 a shanun madara da aka ba irin filakis mai yawan omega-3, da kashi 27.3 a waɗanda aka ba irin sanfulawa mai yawan omega-6. Petit da Twagiramungu (2006) ma sun ga raguwar mutuwar ɗan tayi da irin filakis. Sai dai ba ko'ina aka samu haka ba. Fuentes da abokansa (2008) da Bork da abokansa (2010) sun ciyar da filakis ba su ga wani ci gaba a ɗaukar ciki ba.

Ra'ayi na uku ya fito ne daga Barazil, kuma shi ya fi kusa da mu, domin a kan shanun Nelore masu tozo aka yi aikin, a ƙasa mai zafi, a kan kiwon ciyawa. Lopes da abokansa (2009) sun ba saniya giram 100 a rana na man da aka kare daga narkewa a tumbi, mai yawan omega-6, har zuwa kwana na 28 bayan ɗurin maniyyi. Ɗaukar ciki ta kai kusan kashi 51, a rukunin kwatanci kuma kusan kashi 40. Ayyukan da suka biyo baya, na Cooke da abokansa (2014) da Cipriano da abokansa (2016), sun danganta wannan da ƙaruwar saƙon intaferon-tawu daga ɗan tayi. Ke nan asidin da ra'ayi na biyu ke tsoro shi ne ya taimaka a nan. Rodney da abokansa (2015) sun tattara sakamakon gwaje-gwajen shanun madara, suka samu cewa ƙarin mai a abinci na ɗaga yiwuwar ɗaukar ciki da kimanin kashi 27.

A Nijeriya, ayyukan da suka shafi wannan fage sun fi karkata ga furotin da yanayi. Zakari, Molokwu da Osori (1981) sun duba tasirin yanayi a kan zagayowar neman barbara a Bunaji da Bokoloji. Oyedipe da abokansa (1982) sun nuna a Shika cewa matakin abinci na sauya shekarun balagar karsana. Otchere (1986) ya ruwaito cewa a garken Bunaji na gargajiya a yankin Kaduna, karsana kan yi haihuwar fari tana kusan shekara biyar, tazarar haihuwa kuma kimanin shekara biyu.

3.0 Hanyar Nazari

An bi matakai uku. An yi bitar ayyukan da aka wallafa kan ilimin haihuwar shanu da narkewar mai a tumbi. An jera abincin da ake ba shanu a yankin, aka duba nau'in asidin da ke cikin kowanne bisa alƙaluman da aka sani a teburan abincin dabbobi. Daga ƙarshe an yi lissafin misali a kan saniya mai nauyin kilo 300 da ke cin busasshen nauyin abinci kashi 2.5 na nauyinta, wato kilo 7.5 a rana.

Keɓaɓɓun kalmomin da aka yi amfani da su: "ƙosasshen asid" shi ne wanda sarƙarsa ta cika da haidurojin, kamar falmitik da sitiyarik. "Mara ƙoshi" shi ne mai gurbi ɗaya, kamar oleyik, ko gurabe da yawa. Masu gurabe da yawa gida biyu ne: omega-6, wanda tushensa linoleyik ne, da omega-3, wanda tushensa alfa-linolenik ne, za a riƙa kiransa ALA. Jikin dabba ba ya ƙera waɗannan tushe biyu, dole daga abinci za su zo.

4.0 Nazari

4.1 Mako uku na farko

Saniya kan zagayo neman barbara duk bayan kwana 21, ko tsakanin 18 da 24. Diskin da Morris (2008) sun ƙiyasta cewa a shanu masu matsakaicin nono, maniyyi na haɗuwa da ƙwai a kusan kashi 90 na barbara, amma haihuwa ba ta wuce kimanin kashi 55, kuma kashi 70 zuwa 80 na asarar tana faruwa ne tsakanin kwana na 8 da na 16.

Ɗan tayi yana isa mahaifa a kwana na 4 zuwa na 5. A kwana na 7 ya zama ƙwallo mai rami a ciki, wanda ido bai cika gani ba. Wajen kwana na 9 zuwa na 10 yana fasa kwanson da ya lulluɓe shi. Daga kwana na 12 zuwa na 13 sai ya fara miƙewa, daga abu mai 'yan milimita ya koma dogon zare mai santimita da yawa kafin kwana na 17. Har wannan lokaci bai manne da bangon mahaifa ba, sai wajen kwana na 20. Yana iyo ne cikin ruwan da mahaifa ke tsatsafowa, daga shi yake ci. Iya tsawonsa, iya intaferon-tawu da zai fitar. Idan ya yi jinkirin girma, saƙon ba ya isa da ƙarfi a kwana na 16, mahaifa ta saki PGF2α, ƙullutun rawaya ya rushe, furojestaron ya faɗi, saniya ta koma neman bijimi a kan lokacinta kamar ba a yi komai ba. Babu jini, babu alamar ɓari. Shi ya sa wannan asara ba ta shiga lissafin makiyayi.

4.2 Shingen tumbi

Duk maganar mai a abincin shanu dole ta bi ta tumbi. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsa ba sa jure asid mara ƙoshi, saboda haka suna cika gurabensa da haidurojin su mayar da shi ƙosasshe. Kashi 70 zuwa 95 na linoleyik, da kashi 85 zuwa 100 na ALA, suna sauyawa ta haka kafin su kai hanji. Abin da saniya ta ci daban, abin da ya shiga jininta daban.

Haka kuma mai idan ya yi yawa yana lulluɓe ciyawa yana kashe ƙwayoyin da ke narka ta. Ƙa'idar da aka saba ita ce jimillar mai kada ta wuce kashi 6 zuwa 7 na busasshen nauyin abinci. Ga dabbar da ciyawa da kara ne yawancin abincinta, ƙarin da ake yi ya kamata ya tsaya tsakanin kashi 2 da 4. Wannan ne dalilin da ya sa Jenkins da Palmquist suka samar da sabulun kalsiyam a farkon shekarun 1980 a Jami'ar Jihar Ohayo: mai ne da aka ɗaure da kalsiyam, ba ya sakin jiki sosai a tumbi sai ya isa inda tsami ya fi yawa. Irin wannan ne aka yi amfani da shi a gwaje-gwajen Barazil, kuma wajibi ne a riƙe wannan bambanci. Ɗura wa saniya man gyaɗa ko manja da kwalba ba daidai yake da shi ba, illa ma ya fi kusa da kawowa.

4.3 Hanyoyin da mai ke bi ya taɓa ciki

Hanya ta farko ita ce furojestaron. Daga kwalastaral ake ƙera shi, kuma ƙarin mai a abinci na ɗaga kwalastaral a jini. Hawkins da abokansa (1995) sun kuma nuna cewa mai na rage saurin da jiki ke kawar da homon ɗin. Muhimmancin wannan ya fito a aikin Mann da Lamming (2001): saniyar da furojestaron ɗinta ya makara wajen tashi bayan sakin ƙwai, ɗan tayinta kan kasance ƙarami a kwana na 16, intaferon ɗinsa kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce furostagilandin. Jiki na mayar da linoleyik zuwa arakidonik, daga arakidonik kuma inzayim ɗin COX-2 ke ƙera PGF2α. Asidin omega-3, musamman EPA da DHA na man kifi, suna gogayya da arakidonik wajen samun wuri a tantanin ƙwayoyin halitta da wajen inzayim ɗin. Mattos da abokansa (2002) sun ga raguwar alamar PGF2α a jinin shanun da aka ba garin kifi.

Hanya ta uku ita ce ginin ɗan tayin kansa, kuma a ganin wannan takarda ita ce ke warware saɓanin da ke tsakanin Kanada da Barazil. Abin da zai ninka tsawonsa sau da yawa cikin kwana huɗu ko biyar yana buƙatar sabon tantani mai yawa, tantani kuwa da mai ake gina shi. Ribeiro da abokansa (2016) sun nuna cewa a lokacin miƙewa, ɗan tayi na ɗibar mai daga ruwan mahaifa, yana ƙera nasa furostagilandin, kuma asidin mai na kunna wani makunni a cikin ƙwayar halitta mai suna PPARγ. A tumaki, da aka toshe wannan makunni miƙewar ta tsaya. Saboda haka omega-6 fuska biyu gare shi. Shi ne tushen sinadarin da ke rushe ƙullutun rawaya, shi ne kuma kayan ginin ɗan tayin da zai hana rushewar. Wace fuska za ta rinjaya ya danganta da halin da saniya take ciki. Saniyar madara irin ta Holistin mai cin hatsi da yawa ta riga ta cika da omega-6, abin da ta rasa omega-3 ne. Saniya mai tozo da ke kan busasshiyar ciyawa tana iya rasa duka biyun.

Akwai kuma batun lokaci. Bayan haihuwa, PGF2α abin so ne, domin shi ke taimaka wa mahaifa ta koma daidai. Silvestre da abokansa (2011) sun gwada ba da mai mai yawan omega-6 a kusa da haihuwa, sannan man kifi a lokacin barbara, suka samu raguwar asarar ciki a shanun da suka ci man kifin.

4.4 Abin da ke hannun mai shanu a yankin

Angurya ita ce ta fi kowanne dacewa da wannan magana. Zamfara ƙasar auduga ce tun da daɗewa, Gusau kuma cibiyar gurzarta. Ƙwayar angurya na da mai kusan kashi 20 da furotin kusan kashi 22, fiye da rabin man kuma linoleyik ne, ALA bai kai kashi 1 ba. Tana da wata fa'ida: man yana kulle cikin ƙwaya mai ɓawo da gashin auduga, sai saniya ta yi tuƙa ta fasa ta yake fita kaɗan-kaɗan, don haka bai cika dagula tumbi ba. Wadda aka matse a kamfani kuwa yawancin man ya tafi, furotin ne amfaninta.

Ƙuli-ƙuli da tunkuza su ma abincin furotin ne. Wanda mata ke yi a gida ya fi na inji sauran mai, amma man gyaɗa oleyik ya fi yawa a cikinsa, linoleyik kimanin kashi 30, ALA kusan babu. Riɗi rabinsa mai ne, oleyik da linoleyik kusan kai ɗaya, sai dai tsadarsa ta fitar da shi daga abincin dabba, in ban da tsakin da ake shiƙewa. Waken suya na da mai kashi 18 zuwa 20, rabinsa linoleyik, kuma shi kaɗai ne cikin waɗannan yake da ALA mai ɗan kauri, kashi 7 zuwa 8. Gasa shi na ƙara yawan abin da ke tsallake tumbi. Ɗanyensa kuma ba a haɗa shi da yuriya a abinci ɗaya.

Dusar shinkafa ita ce abin da Bakolori ya yawaita. Tsantsarta na da mai kashi 12 zuwa 20. Amma ƙananan injinan casa suna fitar da ita haɗe da ɓuntu, wanda ba ya narkewa, sai ka damƙi buhu ka ji kaushi a tafin hannu maimakon laushi. Ƙari ga haka akwai inzayim a cikinta da ke fara lalata man da zarar an casa, cikin 'yan kwanaki a lokacin zafi ta soma wari da ɗaci. Dusar shinkafar da aka turara ta fi jimawa, domin zafin turarawa na kashe inzayim ɗin.

Duk waɗannan gidan omega-6 ne ko oleyik. Tushen omega-3 na gaske a wannan yanki shi ne ɗanyen ganye. A ɗanyar ciyawa mai tasowa, asidin mai kan kai kashi 1 zuwa 3 na busasshen nauyi, rabi ko fiye kuma ALA ne. Da ta tsufa ta bushe a rana, yawancinsa ya tafi. Ke nan gamba da kyasuwa da harƙiya na damina, da burgu na fadama, su ne filakis ɗinmu. Daga Disamba zuwa Mayu saniyar da ke kan kara da tattaka ta yanke da wannan tushe, sai fa wadda mai ita ke kusa da magudanan ruwan Bakolori. Kifin madatsar ba zai cike gurbin ba: abincin mutane ne, kuma kifin ruwan daɗi na ƙasa mai zafi bai kai na teku mai sanyi EPA da DHA ba.

4.5 Lissafin misali

Idan aka ba saniyar kilo 300 angurya kilo 1 a rana, ta samu mai kimanin giram 190 zuwa 200, wato kusan kashi 2.6 na abincinta, adadin da bai ƙetare iyaka ba. Linoleyik a ciki kimanin giram 100 ne. In aka ɗauka tumbi ya sauya kashi 85 zuwa 90, giram 10 zuwa 15 ne zai kai hanji. Idan kuma saniyar tana kan ɗanyar ciyawa zalla, aka ɗauka asidin mai kashi 2 ne kuma rabinsa ALA, ta ci giram 75, abin da zai tsallake bai wuce giram 7 zuwa 8 ba in tumbi ya sauya kashi 90. Alƙaluman ƙanana ne, amma a wannan mataki ake aiki: giram 100 kacal na kariyayyen mai aka bayar a Barazil, kuma ba dukansa ne linoleyik ba. Abin da lissafin ke nunawa shi ne angurya a ma'auni mai kyau tana iya kai saniya kusa da wannan mataki, tare da furotin da kuzarin da take matuƙar buƙata da rani.

4.6 Haɗurran da ke tattare

Angurya na ɗauke da guba mai suna gosifol. Babbar saniya na jure matsakaicin adadi domin tumbi na ɗaure shi da furotin, amma in ya yi yawa yana ƙetarewa. Santos da abokansa (2003) sun samu raguwar ɗaukar ciki da ƙaruwar ɓari a shanun da aka ba nau'in angurya mai yawan gosifol. Yana kuma lalata maniyyin bijimi, yana kashe ɗan maraƙin da tumbinsa bai fara aiki ba. Iyakar da aka saba bayarwa ga babbar saniya ita ce rabin kashi 1 na nauyinta, wato kilo 1.5 ga mai kilo 300. Wannan takarda na ganin tsayawa a kilo 1 ya fi aminci a makonnin barbara. Ƙuli-ƙuli da angurya da suka yi hunhuna kuma suna ɗauke da aflatoksin, wanda ke cutar hanta yana kuma fita a nonon da yara ke sha.

4.7 Abin da mai ba zai gyara ba

Saniyar da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta ba ta ma sakin ƙwai, balle a yi maganar kwana na 16. Shanun Barazil da aka yi gwaji da su suna da jiki daidai gwargwado, an kuma daidaita lokacin barbararsu da allurar homon. A nan, matakin farko shi ne duba jiki, kuma ma'aunin Nicholson da Butterworth (1986) mai daraja 1 zuwa 9 an tsara shi ne domin shanu masu tozo na Afirka. Wadda ke ƙasa da tsakiyar ma'aunin, ƙoshi take buƙata kafin komai. Zafin bazara, da kan haura digiri 40 a Afrilu, yana cutar ƙwai da ɗan tayi a kwanakin farko, duk da cewa masu tozo sun fi na Turai juriya. Bakkale da sammore da tsutsar hanta, wadda ke yawaita inda ruwa ke kwanciya kamar filayen ban-ruwa, kowannensu na hana ciki zama ko da an ba da abinci mafi kyau. Ƙarancin fosfaras da rani ma haka.

5.0 Shawarwari

Ga mai shanu, tsarin da hujjojin nan suka fi goya wa baya shi ne a fara ƙarin abinci mako uku zuwa huɗu kafin lokacin da ake son barbara, a ci gaba har aƙalla kwana 21 bayan bijimi ya hau. Lopes da abokansa (2011) sun nuna cewa amfanin na bayyana ne idan ƙarin ya ratsa lokacin da jikin uwa ke gane ciki. A ba da angurya mai tsabta da ba ta wuce kilo 1 ba, ko gasasshen waken suya, a saba wa saniya da shi sannu a hankali, a haɗa da dami ɗaya na ɗanyen ganye kullum inda hali ya yi, da gishiri da inuwa. Kada a sauya abinci kwatsam ko a kora saniya tafiya mai nisa a waɗannan makonni. Tunda kuɗi ba sa isa a ciyar da garke duka, a ware wa shanun da ke kan barbara, a rage wa bijimi angurya, a hana 'yan maruƙa ita gaba ɗaya.

Ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, ware ƙananan filaye domin noman ciyawa da wake na ganye da rani zai samar da abin da ba a sayar da shi a buhu a kasuwar Talata Mafara. Haka ya kamata a yi tunani a rugar zamani da gwamnatin jiha ta fara ginawa a Maradun a 2019.

Ga masu bincike, tsarin gwaji na buƙatar kulawa. Domin a tabbatar da bambanci tsakanin kashi 40 da kashi 50 na ɗaukar ciki, ana buƙatar shanu kusan 390 a kowane rukuni, adadin da garke ɗaya ba zai bayar ba. Gwaji da shanu ashirin ko talatin ba zai amsa tambayar ɗaukar ciki ba, amma zai iya auna asidin mai a jini, da furojestaron daga kwana na 5 zuwa na 16, da alamar ISG15 a fararen ƙwayoyin jini wajen kwana na 18 zuwa na 20, wadda ke nuna ƙarfin saƙon ɗan tayi. Babban gwajin kuwa sai an haɗa garkuna da yawa, a kwatanta rukuni huɗu: kara da dusa kawai, ƙarin angurya, ƙarin ɗanyen ganye, da haɗin biyun, tare da daidaita kuzari da furotin a tsakaninsu, a duba ciki da na'urar hoto a kwana na 30 da na 60. Ana kira ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, su haɗa hannu da masu shanun Talata Mafara da Bakura da Maradun su gudanar da wannan gwaji a kan Bokoloji da Bunaji, a damina ɗaya da rani ɗaya.